Kwaɗon Ƙofar Kicin

Ruwan shayi ne kawai na ɗora. Da wani babban girki nake yi, wataƙila da hankalina yana wurin. Safiyar Talata ce, maigidana ya riga ya fita gareji, shi mai walda ne, ni kuma ina shirin tafiya shagon buga takardu inda nake aiki a kan kwamfuta. 'Ya'yanmu biyu, duk mata. Babbar shekararta goma, ƙaramar uku da 'yan watanni. Tun da ƙaramar ta fara magana take kiran babbar Yaya, sunan ya bi ta, har ni da ubanta muka koma kiranta da shi. Ƙaramar kuwa Auta muke ce mata, duk da ba mu fid da ran Allah Ya ƙaro ba.

Kicin ɗinmu ɗan ƙarami ne, in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya karkace ɗaya ya wuce. Taga ɗaya, famfo a kusurwa, katako biyu a bango da nake jera kwanuka. Murhun gas ɗin mai kai biyu ne, na ɗora shi a kan wani gajeren benci da bai wuce gwiwata ba, don na fi son girki a zaune. Shekara shida yana nan a haka, ban taɓa auna tsayinsa da na yaro ba.

Na zuba ruwa a ƙaramar tukunya mai dogon hannu, na kunna wuta. Ruwan ya fara motsi ke nan wayata ta yi ƙara. Mai shagonmu ne. A cikin gidan magana ba ta fita sosai, sai an je bakin get. Na leƙa falo na ce, "Yaya, ki duba min ruwan nan." Tana ɗaura igiyar takalmin makaranta, ta ce to. Ban gaya mata me za ta duba ba. Ban ce ta hana Auta shiga ba. Hannun tukunyar kuma yana kallon ƙofa, yadda na sake shi.

Ina bakin get ina yi wa mai shago kwatancen inda na ajiye wasu takardu. Wata babbar mota ta tsaya a layin, injinta yana ruri, na toshe ɗaya kunnen da yatsa. Sai da motar ta wuce na ji ihun. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ana yi ba.

Na same su a ƙasan kicin. Tukunyar a kife, tururi yana tashi daga siminti. Yaya ta cire wa Auta riga, ta rungume ta da hannu ɗaya, ɗaya hannun tana matsa man goge baki tana shafa mata a ƙirji da kafaɗa. Fuskarta sharkaf da hawaye, tana ta faɗin, "Yi shiru, yanzu zai yi sanyi, yi shiru." Maƙwabciyarmu, matar direba, ta shigo a guje da ɗanyen ƙwai biyu, ta fasa ta ƙara a kai. Ni ban hana ba. Na fizgi zane na naɗe yarinyar na fita da ita ko takalmi babu. Famfo yana nan a kusurwa, da miƙa hannu za a taɓa shi, kuma ranar akwai ruwa. Mu uku, babu wadda ta tuna da shi.

A asibiti wata dattijuwar nas ce ta karɓe mu, tabarau rataye a wuyanta da zare. Kowa Sista yake ce mata. Ta buɗe zanen a hankali, ta duba, ta ɗago.

"Wa ya shafa mata wannan?"

Yaya da ta biyo mu da kayan makaranta a jikinta ta ce, "Ni ce."

Sista ta mai da ido kan ƙunar. Ta ce in riƙe ƙafafun Auta, wata nas ta riƙe kanta, aka fara wanke man da ƙwan daga kan ƙunar. An yi mata allurar rage zafi, amma kukan da ta yi ranar har yanzu ina jin sa wani lokaci in ina wanke-wanke. Da aka gama aka naɗe ta da bandeji tun daga wuya har gwiwar hannun dama, na fito baranda. Yaya tana zaune a bencin jira, jakarta a cinya. Ta miƙe da ta gan ni.

Na ce, "Abu ɗaya na sa ki. Ɗaya tak."

Ta koma ta zauna. Ni kuma na juya na koma ciki, har na manta na faɗa.

Kwana goma sha tara muka yi a ɗakin masu ƙuna. Goggon yara, yayar maigidana, ita ta zo ta zauna da Yaya a gida. Gado takwas ne a ɗakin, shida na yara ne, kuma in ka tambayi uwar kowanne, labarin ɗaya ne da ɗan bambanci: ruwan wanka, man suya, shayin da aka ajiye a bakin tebur, uwar da ta goya ɗa ta sunkuya kan tukunya. Duk bayan kwana biyu ake canza wa Auta bandeji. Tun daga jin ƙarar keken kayan aiki a baranda take fara ƙanƙame ni. Ubanta yakan zo da yamma daga gareji, ya tsaya a kanta. Hannuwansa cike suke da tabon tartsatsin walda, amma ranar da ya ga an buɗe ƙirjin 'yarsa fita ya yi ya jingina da bango.

Ranar da aka sallame mu, ko kayan asibiti ban kwance ba na ce masa, "Baban yara, ina so ka yi wa ƙofar kicin abin sa kwaɗo."

Ya dube ni. "Kwaɗo kuma?"

"Kwaɗo. Babu yaron da zai ƙara taka ƙafarsa a ciki."

"Da dai an ɗaga murhun sama, an..."

"Ka yi min abin da na roƙe ka."

Bai ja ba. Ya ga yadda na rame, ya ga idanuna. Washegari ya zo da ƙarfe ya kafa, ya sayo kwaɗo mai nauyi, ya miƙo min makullai biyu. Na saka duka biyun a jakata.

Da hutun da na ɗauka ya ƙare na koma aiki, sai na tsara komai yadda nake ganin babu ta inda wuta za ta haɗu da 'ya'yana. In tashi da wuri in yi girkin rana in zuba a kula, in cika filas da ruwan zafi, in kulle kicin. Auta tana wurin matar direba har Yaya ta dawo makaranta da ƙarfe biyu ta ɗauko ta. Ni kuma biyar saura nake shigowa. Akwai maganin da Auta take sha da rana, likita ya ce sai ta ci abinci tukuna. Na bar wa Yaya wannan.

Yarinyar ta canza, amma ni na ɗauka hankali ta ƙara. Da can bakinta ba ya hutawa, ta dawo makaranta sai ta ba ka labarin kowa har da na mai gadi. Yanzu sai ta yi shara, ta wanke kayan Auta, ta zauna da littafi a gaba ba ta buɗe shafi. Idan ina girki ta zo wucewa ta ƙofar kicin, sai ta bi ta jikin ɗaya bangon. Har na yi wa Goggo alfahari a waya, na ce 'yarki ta girma.

Wata Alhamis injin buga takardu ya lalace, mai shago ya ce kowa ya tafi gida. Uku da 'yan mintoci na shigo. Falo babu kowa. Kicin a kulle, na taɓa kwaɗon kamar yadda na saba. Ƙofar ɗakin yara a rufe take, ina jin wani sauti a ciki kamar numfashin mai mura. Na tura.

A tsakiyar ɗakin, a kan leda, akwai bokitin roba da ruwa rabi. A ciki an tsoma hita mai dafa ruwa da lantarki, tsohuwar hitar ubansu ta zamanin yana gwauro, wadda na ɗauka an daɗe da zubarwa. Wayarta a saɓule take a wuri biyu, an naɗe ɗaya da ledar burodi. An ja ta zuwa soket ɗin bayan gado. Yaya tana durƙushe a gaban bokitin da kofi a hannu, hannun a jiƙe, tana jiran ruwan ya tafasa. Auta kuwa tana zaune a can ƙuryar ɗaki da 'yartsanarta. An ɗaura mata ɗankwalina a ƙugu, ɗaya bakin an ƙulle shi a ƙafar gado.

Ban san lokacin da na tsallaka na kashe soket ɗin na fizge wayar ba. Na juyo na ɗaga hannu. Yaya ba ta kauce ba, ba ta kare fuska ba. Ta ɗago kawai tana kallona.

"Na ɗaure ta, Mama," ta ce. "Wannan karon ba za ta kai wurin ba. Na auna."

Hannuna ya sauko da kansa. Na zauna a bakin gado.

"Tun yaushe kike wannan?"

"Yau kwana goma sha biyu."

"Ina ruwan filas?"

"Yana ƙarewa a gidan su matar direba, da shi take haɗa wa jaririnta madara. Abincin kula kuma kafin in dawo ya huce, Auta ba ta ci. Shayi da burodi kawai take yarda ta ci. In ba ta ci ba ba za ta sha magani ba. In ba ta sha ba ciwon zai dawo."

"Me ya hana ki gaya min?"

Ta sunkuyar da kai tana murza kofin. Da ƙyar na ji muryarta. "Abu ɗaya kika sa ni."

Auta ta ce daga ƙurya, "Mama, kwance ni, fitsari." Na tashi na kwance ta. Yaya ta iya ƙulli, sai da na sa haƙori.

Da ubansu ya dawo na ajiye masa hitar a gabansa kafin abinci. Ya juya ta, ya warware ledar burodin, ya ga jan ƙarfen wayar a fili. Sannan ya ɗauko filaya ya datse wayar gida uku.

"Maman yara," ya ce, "kin san a gareji in aka kawo min sabon ma'aikaci, ba na ba shi kan walda a ranar farko. Amma kuma ba na ɓoye masa. Ranar farko zagayawa nake yi da shi in nuna masa duk abin da zai iya kashe shi. Wannan waya, wannan tulun gas, wannan ƙarfen da ka ga ya yi baƙi kamar ya huce, bai huce ba. Wanda ban nuna wa ba shi nake tsoro, don ranar da na juya baya zai taɓa."

Na ce, "Me zan nuna mata? Ni da na tsaya ana fasa wa 'yata ƙwai a kan ƙuna?"

"To sai mu tambaya."

Litinin ce ranar komawarmu asibiti a duba tabon. Na hana Yaya zuwa makaranta na tafi da ita. Tun daga bakin ɗakin masu ƙuna Yaya ta fara jan ƙafa. Sista ta gama duba Auta, ta ce fatar tana haɗuwa da kyau, a ci gaba da shafa man da aka ba mu, a riƙa miƙar da hannun kada ya ƙage. Na yi ta maza na ba ta labarin kwaɗon da na hitar, ban rage komai ba. Ta saurara tana goge tabarau da gefen rigarta. Da na gama ba ni ta kalla ba.

"Ke ce mai man goge baki?"

Yaya ta gyaɗa kai.

"Zo nan, 'yata. Ranar na tambayi wanda ya shafa ne don in san me zan wanke, ba don in kama mai laifi ba. Wa ya gaya miki yana magani?"

"Wata 'yar ajinmu. Ta ce yana sanyi."

"Yana sanyi a baki. A kan ƙuna rufe zafin yake yi a ciki, ya ci gaba da cin nama, mu kuma sai mun kankare shi. Amma ke a cikin waɗanda nake gani mai sauƙi ce. An kawo min yaro da toka, an kawo da tawada, an kawo da baƙin man mota. Wani an zuba masa gishiri da ƙwai da man girki, na ce wa uwar saura albasa." Yaya ta yi ɗan murmushi, na farko da na gani a fuskarta cikin wata biyu. "Ke kin ga ƙanwarki tana ihu kin nemi abin da za ki taimaka mata da shi. Manya nawa ne suke tsayawa suna salati kawai? Abin da ba a gaya miki ba ne ba ki sani ba."

Ta ja ta zuwa famfon wanke hannu da ke ɗakin, ta buɗe shi kaɗan, ta sa hannun Yaya a ƙasa.

"Wannan ne maganin farko. Ruwan famfo mai sanyi, yana zuba a kai, minti ashirin. Ba ƙanƙara ba. In babu ruwa a famfo, a riƙa kwarara na bokiti da kofi. Riga in ba ta manne ba a cire, in ta manne a bar ta. Kada a fasa ƙurjin da ya taso. A rufe da tsumma mai tsabta a zo mana. Maimaita."

Yaya ta maimaita ba ta bar ko ɗaya ba. Sista ta juyo gare ni. "Ke ma maimaita, Maman Auta." Na maimaita a gaban sauran mata kamar 'yar aji ɗaya, na manta zancen riga, Yaya ta tuna min.

A wannan makon ubansu ya ƙera teburin ƙarfe mai tsayin ƙugu, da ɗan shinge a gefe yadda tukunya ba za ta zame ba, ya kafe shi a bango. Ya ɗauke tulun gas ya mayar waje bayan taga, ya canza robar da ta fara tsagewa, wadda ni ban ma lura da ita ba. Ya kawo ragowar fenti ruwan ɗorawa daga gareji ya ja layi a ƙasa, taku biyu daga murhu. Ya durƙusa ya nuna wa Auta. "Nan ne iyakarki. Daga nan zuwa can, sai kin kai tsayin Yaya." Ta kalli layin, ta kalli Yaya, ta ɗaga dunduniya.

Ranar Asabar na buɗe ƙofar kicin na ce wa Yaya ta shigo. Ta tsaya a bakin ƙofa kamar baƙuwa. Ban kunna wuta ba a ranar. Tukunya mai dogon hannu na ɗauko, ita dai wannan, na ɗora a kan murhu hannun yana kallon ƙofa. Na ce ta durƙusa ta yi tsayin Auta ta gaya min me take gani.

Ta durƙusa. Ta ɗaga kai ta duba. "Hannun kawai nake gani. Ba na ganin ruwan."

"To ita ma abin da ta gani ke nan."

Ta miƙe ta juya hannun ya kalli bango, ta tura tukunyar can ciki.

Daga nan muka ci gaba, kullum kaɗan. Ba ni da wani tsari, abin da girkin ranar ya kawo shi nake nuna mata. In za a kunna wuta, a naɗe hannun riga, a cire mayafi, a ƙyasta ashana kafin a murɗa gas. Buɗe murfi, a karkata shi tururin ya yi gaba, ba fuska ba. Tsumman sauke tukunya ya zama busasshe, don jiƙaƙƙe zafi yana ratsa shi nan take. Ranar da wuƙa ta suɓuce min na kai hannu zan cafe, na yanke a yatsa, sai darasin ranar ya zama a kaina: wuƙa in ta faɗi a ja ƙafa baya a bar ta ta faɗi. Yaya ce ta wanke min ta ɗaure, tana yi min faɗa ƙasa-ƙasa da irin muryata.

Na gano abubuwa da yawa ni ma ban taɓa tunaninsu ba sai da na zo faɗa da baki. Kalanzir da nake ajiyewa a robar lemo a ƙarƙashin famfo, na zubar da robar. Ashana ta koma saman katako. Na daina shan shayi da Auta a cinya.

Ubansu ya ɗauki nasa ɓangaren. Wata Lahadi da hantsi ya tara mu ya murɗa gas na daƙiƙa biyu ba wuta ya kashe, ya ce kowa ya shinshina. Auta ta toshe hanci ta ce Baba ne ya yi tusa. Sai da dariya ta lafa ya ce, "In kun shigo kun ji wannan warin, kada a taɓa makunnin fitila, kada a ƙyasta komai. A buɗe taga da ƙofa, a fita, a rufe tulun daga waje, a kira babba." Sannan ya fitar da mu tsakar gida, ya sa muka tsaya can jikin get. Ya zuba ɗan mai a tsohon kwanon suya ya ɗora a kan garwashi har ya kama da wuta. Ya ɗaura cokali a bakin doguwar sanda, ya ɗebi ruwa, ya zuba daga nesa. Wutar ta yi tsalle ta fi shi tsayi. Yaya ta ƙanƙame hannuna, Auta ta shige bayana. Da ta sauko ya matsa ya zura murfi a kai, ta mutu kamar ba a yi ba.

"Cokali ɗaya ke nan," ya ce. "Ku tuna da wanda zai watsa bokiti."

Matar direba da take leƙe ta kan katanga ta ce, "Wallahi ni bokitin zan watsa." Washegari ta turo 'ya'yanta biyu su ma a nuna musu.

Auta ta zama 'yar sandan layi. Kujerarta take jawowa ta zauna daidai bakin fentin, yatsun ƙafarta a kai, duk wanda ya shiga sai ta tambaye shi ko ya kai tsayin Yaya. Har Goggo ba ta tsira ba, da yake gajeriya ce.

Sai bayan wata guda na bar Yaya ta kunna wuta da hannunta, ina tsaye. Bayan wani watan na bar ta ta dafa wa Auta ruwan shayin rana in ba na nan, da sharaɗin matar direba tana zaune a falo. Kullum in na fita aiki zuciyata tana gida. Sau biyu na kai bakin titi na dawo na duba.

Wata Asabar da rana ta ce tana so ta soya dankali ita kaɗai daga farko har ƙarshe. Na ce to, na jingina da ƙofa. Ta fere, ta yanka, ta tsane shi a tsumma kamar yadda na nuna mata. Kaskon farko ya fito lafiya. A na biyu wani yanki ya manne a cokali, ta girgiza shi ya faɗa daga sama. Man ya fantsamo ya same ta a wuyan hannu.

Ta yi ƙara. Na yunƙura, bakina cike da maganar da na san in ta fito ba za ta ƙara shiga kicin ɗin nan ba har ta yi aure. Kafin in kai gare ta ta murɗe gas da ɗaya hannun, ta juya ta buɗe famfo ta sa hannun a ƙasa. Ta cije leɓe, hawaye suna zuba, amma ba ta janye ba.

"Mama, duba min agogo."

Na duba. Biyu da minti goma. Na matsa na riƙe mata gwiwar hannun don kada ta gaji. Wurin ya yi ja, faɗinsa bai wuce kan babban yatsa ba. Auta ta miƙe a bakin layinta tana leƙe, hannunta a kan tabon kafaɗarta.

Minti ashirin yana da tsawo in mutum yana tsaye yana kallon ruwa.

Na ce, "Yaya, ranar nan ni na bar hannun tukunyar a waje. Ni na ajiye murhu a ƙasa. Ni na fita na bar wuta da yara biyu. Maganar da na faɗa miki a asibiti, da kaina nake, ke ce kawai a gabana. Ki yafe min."

Ba ta dube ni ba, ruwan take kallo. "Na tashi ne in ɗauko mata ɗaya takalmin a ɗaki," ta ce. "Tana ta kuka ita ma sai ta sa takalmi ta bi ni makaranta. Da na fito ba ta falo."

"Na sani ba wasa kika tafi ba."

"Ba ki tambaye ni ba."

"Ban tambaya ba."

Sai a lokacin ta fashe da kuka na gaske, irin wanda yaro yake yi da dukan jikinsa. Ta kifa kanta a kafaɗata, hannun yana nan a ƙarƙashin famfo, ni kuma ina riƙe da shi kada ya kauce. Auta ta ga muna kuka ita ma ta fara nata daga inda take, ba ta san dalili ba.

Biyu da rabi na rufe famfon. Ƙurji bai taso ba. Na rufe mata wurin da tsumma mai tsabta, na ce ta je ta zauna in ƙarasa suyar. Ta share fuska da gefen riga, ta leƙa kaskon. Dankalin ya sha mai ya yi laushi.

"Wannan ya lalace," ta ce. "Akwai saura a kwando?"

Na ce akwai guda huɗu. Ta ce in fere mata, tunda hannunta ɗaya ne yau, ita za ta zuba.